Yadda Ake Hana Kyanwa Tone Fangalin Lambu da Wurin Furanni a Cikin Gida

Duk wanda ya taɓa yafa irin alayyahu ko salak a tsakar gida ya san wannan takaicin. Ka sassaƙa ƙasa, ka gauraya taki, ka baje ta sumul, ka yi ban-ruwa. Gari na wayewa ka tarar an tone tsakiyar fangalin, iri ya watse, ga ɗan tsibin ƙasa a gefe, abin da ke ƙarƙashinsa kuwa hanci ne zai fara gaya maka. Ba turo ta aka yi ba, ba kuma shukarka take nema ba, don kyanwa ba ta cin alayyahu. Ƙasa mai laushi take so, busasshiya, wadda babu komai a kanta, ta tona ta yi bayan gida ta binne. A duk gidan kuwa babu inda ya kai fangalin da ka gama gyarawa jiya da yamma laushi.

Saboda haka aikin duka a kan ƙasar yake: ka hana ƙafarta samun wurin tonawa. Ɓawon lemo da sauran abubuwa masu wari da mutane ke yawan ba da shawara ƙari ne kawai, su kaɗai ba sa tsare fangali.

Kayan aiki

Ba dole ka haɗa su duka ba. A cikin kayan rufe ƙasa ka zaɓi ɗaya ko biyu gwargwadon abin da ke kusa da kai.

- Wayar raga da ake yin kejin kaji da ita, mai ido santimita 2.5 zuwa 5. Masu sayar da kayan gini suna yankawa gwargwadon tsawon da ka nema.
- Wayar ɗaurin rodi ta magina, da filaya ko almakashin yanka waya
- Ƙaya: reshen magarya, bagaruwa, aduwa ko farar ƙaya
- Karan dawa ko na gero, ko tsinken tsire, ko siraran sanduna
- Tsohon gidan sauro da ya yage, ko tsohuwar raga
- Tsakuwa manya, masu girman santimita 3 zuwa 5
- Turaku huɗu zuwa shida da igiya
- Ƙaramin shebur ko tsohon ludayin da aka daina girki da shi, leda, da safar hannu
- Toka ko yashi kaɗan
- Gorar ruwa ta roba wadda aka huda murfinta da ƙusa
- Ɓawon lemon zaƙi ko na lemon tsami, in akwai

Mataki na 1: Ka tabbata kyanwa ce

An sha ɗora wa kyanwa laifin kaza. Kaza tana barbaza ƙasa ta ko'ina, da rana take aikinta, kuma tana tsince irin. Ƙadangare saman tsiro yake gutsurewa, ba ya tono. Gafiya rami take yi mai zurfi, yawanci a gindin katanga. Tonon kyanwa ba shi da zurfi, wuri ɗaya ne ko biyu, da alamar ta jawo ƙasa ta rufe, kuma tsakanin magariba da asuba aka fi yinsa.

In kana shakka, da yamma ka barbaɗa toka ko yashi a gefen fangalin ka shafe da tafin hannu. Da safe ka duba. Sawun kyanwa kewayayye ne, yatsu huɗu, babu alamar farce, domin tana janye faratanta in tana tafiya. Na kare yana nuna farce. Ka bi sawun ka ga ta inda ta shigo, zai yi maka amfani a gaba.

Ka kuma lura da irin ɓarnar, don maganinsu ba ɗaya ba ne. Akwai tono. Akwai kwanciya, wadda ta fi yawa a bazara: fangalin da aka yi wa ban-ruwa shi ne wuri mafi sanyi a gidan, sai ta miƙe a kai ta danne tsiro. Akwai kuma fitsarin muzuru, wanda yake fesawa a jikin katanga, tukunyar fure ko ƙofa don ya shaida wa sauran cewa nan yankinsa ne.

Mataki na 2: Ka kwashe abin da ta bari, duka

Nan ne masu gaggawa ke tsallakewa, sai su yi ta mamakin dawowarta. Kyanwa tana komawa inda ta ji warin kanta. Sa safar hannu, in babu ka zura hannunka a leda biyu. Ka kwashe kashin tare da ƙasar da ke kewaye da shi, kamar faɗin tafin hannu da zurfin yatsa. Ka bi fangalin da ɗan kara kana cakawa, don sau da yawa akwai tsofaffin da ba ka gani ba. Ka ƙulle a leda ka kai bola. Bayan nan ka kwarara ruwa sosai a wurin, ka cike gurbin da sabuwar ƙasa.

Kada ka juya shi cikin ƙasa da sunan taki. Kashin akuya, na shanu da na kaji taki ne in ya ruɓe, amma na mai cin nama ba a sa shi a lambun abinci. Kashin kyanwa yana iya ɗauke da ƙwan tsutsar ciki, da kuma wata ƙwayar cuta da likitoci ke kira tokzoplazma. Yawancin masu lafiya ba sa ma sanin ta shige su, amma in ta kama mace tana da juna biyu tana iya yi wa ɗan tayi lahani, haka ma mutumin da garkuwar jikinsa ta yi rauni. Abu biyu ya kamata ka riƙe game da ita. Sai kashin ya yi kwana 1 zuwa 5 a waje kafin ƙwayar ta zama mai kamuwa, don haka kwashewa kullum da safe kariya ce ta gaske. Na biyu, da zarar ta nuna tana iya zama a ƙasa mai laima har fiye da shekara. Mai juna biyu ta bar wa wani wannan aikin. Salak, karas, kabeji da duk abin da ake ci ɗanye daga fangalin da kyanwa ta taɓa shiga, a wanke su da kyau da ruwa mai yawa. Wanda ya yi aikin ya wanke hannu da sabulu, har ƙarƙashin farce.

Katanga ko tukunyar da muzuru ya fesa, ka wanke da ruwan omo, ka ɗauraye, sannan ka shafa ruwan khal da aka tsinka da ruwa rabi da rabi. Ka kiyaye kada ya taɓa ganye, yana ƙona shi. Kada ka sa bilic: yana lalata ƙasa, kuma akwai kyanwoyin da warinsa jawo su yake yi.

Mataki na 3: Ka rufe ƙasar a ranar da ka gyara ta

Wannan shi ne ginshiƙin aikin. Ka lura na ce a ranar. Fangalin da aka gyara da la'asar aka ce gobe a rufe, daren nan za ta same shi, kuma hana ta wurin da ta riga ta saba ya fi wuya nesa ba kusa ba.

*Da wayar raga.* Ita na fi so, domin sau ɗaya ake saya a yi shekaru ana amfani da ita. Ka auna fangalin, ka yanka wayar ta ɗara shi da kamar santimita 10 ta kowane gefe. Bayan ka yafa iri ka yi ban-ruwa, ka shimfiɗa ta kwance a kan ƙasar. Ka lanƙwasa bakunan su shiga ƙasa, saboda tsinin da aka yanka yana yankar hannu da ƙafar yara. Daga wayar ɗaurin rodi ka yanka gutsattsari masu tsawon santimita 20 zuwa 25, ka tanƙware kowanne biyu, ka kafa su a kusurwoyi da kowane rabin mita don su danne ragar. In babu, duwatsu ko rabin bulo sun isa. Kyanwa za ta iya takawa ta wuce, amma da ta kai hannu za ta tona sai farce ya sarƙe da waya, sai ta haƙura.

Alayyahu, rama, lalo, karas da albasa suna fitowa ta idon ragar ba matsala. Tumatir, tattasai, attaruhu da yalo kuwa, da yake dashe ake yi kuma kararsu tana kauri, sai ka yanka wa kowanne tushe rami mai faɗin santimita 8 zuwa 10, ka lanƙwasa tsinin ƙasa. Salak da kabeji ganyensu buɗewa yake daga gindi, raga tana shaƙe su. Su ka ɗaga musu ita: ka tanƙwara ragar ta yi baka a kan fangalin, tsakiyarta ta tashi kamar santimita 30, ka toshe bakin nan biyu. In ka bar baki ɗaya a buɗe, ka gina mata ɗakin kwana ne mai inuwa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne barin ragar ta yi tozo a wani wuri ko ta ɗage a gefe. Inda kanta ya shiga, jikinta ma zai bi.

*Da ƙaya.* Wanda ba shi da kuɗin waya bai rasa komai ba, masu lambun fadama da ƙaya suke tsare gonarsu tun kaka da kakanni. Bambancin kawai, su shinge suke yi saboda awaki, kai kuwa a kan fangalin za ka kwantar da ita. Ka sami rassa sirara, ka kakkaɓe ganyen don kada su tare wa tsiro rana, ka jera su a gicciye yadda babu filin da ya kai faɗin tafin hannu biyu. Magarya ta fi daɗin aiki, rassanta sirara ne kuma ƙayarta gajera ce mai kama abu. Aduwa da farar ƙaya dogayen tsini gare su, suna huda silifa, don haka ban cika son su a gidan da akwai yara ba. In tsiro ya tasa ka ɗage rassan a hankali, tun ba su sarƙe da ganye ba. Ka tara su wuri ɗaya da yara ba sa zuwa, kuma kada tsibin ya daɗe a gindin katanga, maciji da kunama suna son irin wurin.

*Da kara.* Wannan ya fi dacewa da fangalin da shuka ta riga ta fito, inda shimfiɗa raga ba zai yiwu ba. Ka yanka kara ko sanda tsawon santimita 25 zuwa 30, ka kafa a tsaye tsakanin shukar, tazarar santimita 10 zuwa 12 ta kowane ɓangare, rabi a ƙasa rabi a sama. Kyanwa tana bukatar wurin juyawa da tsugunawa, in ta rasa sai ta wuce. Masu cewa sun gwada bai yi ba, in ka je ka duba za ka ga kara shida ne a fangali guda. Sai an cika. In tsinken tsire ne, tsinin ya kalli ƙasa: hana ta zama ake so, ba tsokale mata ido ba, balle idon yaron da ya sunkuya. Gara tana cin kara, ka riƙa dubawa kana sauyawa.

*Da tsohon gidan sauro.* Ya fi amfani a wurin renon iri, don yana tare kaza, tsuntsu da ƙadangare gaba ɗaya. Ka kafa turaku masu tsayin santimita 40 zuwa 50, ka ɗaura igiya a tsakaninsu, ka yafa gidan sauron ka ja shi ya yi tsam, ka danne gefensa da duwatsu. In ya yi sako-sako za ta hau ta kwanta, nauyinta ya sauka a kan tsiron, tsuntsaye da bushiya kuma su riƙa sarƙewa. Ka wanke shi tukuna, kuma kada ya riƙa gogar ganyen da za a ci. Wanda ya yage nake nufi. Sabon da aka raba don yara su kwana a ciki, a bar shi a kan gadon. Kokwamba, kankana da kabewa in sun fara fure ka yaye musu, in ƙudan zuma bai shiga ba babu 'ya'ya. Ragar kamun kifi ma tana yi, amma a wanke ƙarnin sosai, in ba haka ba gayyata ka aika.

Gargaɗi ɗaya da nake so ya zauna maka: ba kowane abin rufe ƙasa ne ke korar kyanwa ba. Ɓuntun shinkafa, garin katako, yashi da ƙananan tsakuwa, duk sun fi ƙasar ma daɗin tonawa a wurinta. Mutum ya zuba ɓuntu don ƙasa ta riƙe laima, ya wayi gari ana maganin ƙaba kai na kumbura. In kana son amfaninsu, ka zuba, amma ka ɗora raga ko ƙaya a kai.

Mataki na 4: Furanni da tukwane

A wurin furanni ido yana da hakki, ba wanda ke son ƙaya a ƙofar falo. Nan sai ka shimfiɗa wayar raga, ka yanka wa kowace shuka wurinta, sannan ka lulluɓe wayar da ƙasa ko taki kaurin santimita 2. Ba mai ganinta, kyanwa kuwa tono ɗaya za ta yi ta ci karo da ita. Ko kuma ka jera manyan tsakuwa su rufe ƙasar baki ɗaya. Duwatsu suna ɗaukar zafi a watan Maris da Afrilu, don haka ka bar ɗan fili a gindin shuka mai taushin kara.

Tukunya mai faɗin baki ita ce abin sonta, musamman wadda aka dasa ƙaramin fure a tsakiya. Ka yanka raga ko kwali mai kauri daidai bakin tukunyar, ka tsaga shi zuwa tsakiya don karar ta shiga, ka danne da duwatsu. Masu shuka a buhu ma haka: ka naɗe bakin buhun ya matso kusa da shukar.

Maganin da ya fi ɗorewa a nan shi ne cika wurin da shuka. Inda ganye ya haɗe ya rufe ƙasa, kyanwa ba ta da abin yi. A lambu ma ka yi haka: tazarar da ke tsakanin tumatir ka cike ta da salak ko albasa, gindin bishiyar gwaiba ko zogale ka bar dankalin Hausa ya yaɗu.

Mataki na 5: Ka daidaita lokacin ban-ruwa

Ba ta son laka a ƙafarta. In matsalarka tono ne, ka mayar da ban-ruwa ɗaya zuwa dab da magariba, yadda saman ƙasar zai kwana a jiƙe. A hunturu iska tana busar da shi kafin asuba, saboda haka kada ka dogara da wannan shi kaɗai. Kada kuma ka mayar da fangalin tabki, jaririn tsiro gindinsa ruɓewa yake in ruwa ya yi yawa. In kuwa matsalarka kwanciya ce a bazara, jiƙon yamma ƙara jawo ta zai yi. Wannan sai kara ko raga mai baka.

Mataki na 6: Ka rage abin da ke kawo ta, ka toshe hanya

Katanga mai mita biyu ba komai ba ce a wurin kyanwa, kuma ba za ka iya mayar da gida gaba ɗaya wurin da ba ta shiga ba. Amma tana da hanyar da ta saba bi, sawun da ka gani a toka ya nuna maka. Reshen bishiyar da ya tsallako katanga, tarin bulo, duro ko tsohuwar taya da take takawa ta sauka, ka kawar ko ka matsar. Rariyar da ruwa ke fita ta gindin katanga ka sa mata raga, ka sami riba biyu don gafiya ma ta nan take shigowa. Sai dai da damina ka riƙa kwashe shara daga jikin ragar, kada ruwa ya cika tsakar gida.

Kan kifi, ƙashi, hanjin kaza da ruwan wankin nama kada a zuba su kusa da lambu, kada kuma a binne su a fangali da sunan taki. Kwandon shara ya sami murfi. In ana ba kyanwar gida abinci, a ba ta a wani ɓangaren, a ɗauke kwanon in ta gama, don ragowar ce ke tara na unguwa.

In kana so ka kewaye lambun kansa, ka yi shingen raga mai tsayin mita ɗaya da rabi, ka bar santimita 30 na sama sako-sako yana rinjaya waje. Abu mai ƙarfi tana hawansa, mai lilo a ƙarƙashin ƙafarta ne ba ta yarda da shi ba. Ƙasan shingen kuma ya shiga ƙasa ko a danne shi.

Mataki na 7: Ka ba ta wani wuri

In kyanwar ta gidan ce, ko ta unguwa ce da ta mayar da gidanka nata, wannan matakin shi ke sa sauran su yi aiki. Dole ta yi bayan gida a wani wuri. In ka rufe fangali ba ka buɗe mata ko'ina ba, za ta koma tukwanen fure, ko tulin yashin gini, ko bayan buhunan hatsi.

Ka zaɓi lungu mai ɗan sirri, nesa da rijiya, madafa da wurin wasan yara. Ka tona wuri kamar santimita 60 tsawo da faɗi, zurfin santimita 15, ka cika da busasshen yashi. Tsohon baho da aka huda gindinsa ma ya wadatar. Ka ɗauko kaɗan daga ƙasar da ta ɓata ka sa a ciki don ta gane. Ka riƙa kwashewa kullum da safe, in ya cika ƙazanta za ta ƙaurace masa. Da damina ka kifa masa guntun kwano a sama don ya zauna a bushe. Mai kwanciyar bazara kuma, ka yayyafa ruwa a gindin wata bishiya ko bayan randa, ta sami sanyin da take nema.

Wasu suna ganin wannan shagwaɓa dabba ne. Ni dai gidan da ke da kaji, hatsi ko lambu ban ga hikimar raba shi da kyanwa kwata-kwata ba. Ka kore ta yau, wata mai zuwa ka fara lissafin abin da ɓera ya ci.

Mataki na 8: Wari, a matsayin ƙari

Yawancin kyanwoyi ba sa son warin lemo. Ka yayyanka ɓawon ƙanana ka watsa a gefen fangali da inda take sauka. Masu sayar da lemo a bakin titi suna tara ɓawo, in ka roƙa za su ba ka. Amma a iskar hunturu kwana biyu ya bushe ya zama kyanwar Lami, ba cizo ba yakushi, sai ka sake sabo. Ciyawar shayi mai ƙanshin lemo in an dasa ta a bakin fangali tana ɗan taimakawa, ko ba komai tushenta yana cike fili. Akwai kuma kyanwar da za ta tsuguna a kan ɓawon lemon ta yi abin da ya kawo ta.

A Japan za ka ga an jera gorunan ruwa a gindin katanga, wai ƙyallinsu yana tsorata kyanwa. Ba ya aiki. A Ingila har wani abu ake sayarwa mai warin kashin zaki. Kada dai wani ya ji wannan ya nufi gidan zu da buhu. Akwai na'urar da ke fesa ruwa in ta ga motsi, da mai fitar da ƙarar da ɗan Adam ba ya ji. Ta ruwan ta fi tasiri, sai dai tana son famfo mai ƙarfi dare da rana, ga batir, ga tsada. Kuɗinta zai sayi ragar da za ta rufe lambun duka.

Mataki na 9: Kora da hannu, da magana da maƙwabta

In ka kama ta a ciki, ka matsa mata ruwan gorar nan, ruwan sanyi, daga nesa. In da hali kada ta ga daga inda ya fito. In ta gane kai ne, kai za ta riƙa gudu ba fangalin ba, ta bari sai ka yi barci.

In ta maƙwabta ce, magana mai daɗi ta fi jifa. Ka sami maigidan bayan an fito masallaci, ko uwargida ta leƙa wurin tasu uwargidan: "Hajiya, alfarma na zo nema. Kyanwar nan taku ta sami fangalina. Na zuba mata yashi a lungu, ko ku ma za ku zuba mata a nan, a riƙa ba ta abinci kafin dare?" In alayyahun ya yi, a aika musu da dami ɗaya. Muzurun da ya addabi unguwa da fitsari da kukan dare, likitan dabbobi yana iya yi masa fiɗiya, yawancinsu suna rage fesawa da yawo bayan haka. Macen ma ana yi mata aikin hana haihuwa. Cikinta wata biyu ne da 'yan kwanaki, tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara, ka ga in ba a yi wani abu ba, bana ɗaya ce, baɗi garke.

Abubuwan da ba a yi

Guba ita ce ta farko. Shinkafar ɓera, fiya-fiya ko maganin ƙwari a cikin kifi, duk wanda ya ajiye bai san wa zai ɗauka ba: kaza, karen maƙwabci, ko yaro mai rarrafe. Ga alhaki. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba, ba ta sake ta ta nema ba, babu wanda bai san shi ba.

Kafur ɗin da ake sa wa a akwatin kaya guba ne ga kyanwa da yara, ga shi fari kewayayye, yaro zai ɗauka alewa ce, kuma yana narkewa cikin ƙasar da za ka ci abin da ta fitar. Magungunan wanke banɗaki irin su Izal da Dettol suna yi wa kyanwa illa, domin tana lashe ƙafarta. Garin barkono yana shiga idonta da hancinta, iska kuma ta kwaso shi ta watsa wa mai ban-ruwa. Gishiri da kananzir ƙasar suke kashewa. Fasassun kwalabe da ƙusoshi a tsaye, wata rana hannunka ne zai same su wurin cire ciyawa. Ruwan zafi kuwa zalunci ne tsagwaronsa.

Sa ta a buhu a kai bayan gari ma ba ya warware komai. Muddin ƙasar tana buɗe, wata za ta gaje wurin, in kuma tana shayarwa ka bar 'ya'ya suna mutuwa a silin. Kada ka kama baƙuwar kyanwa da hannu, balle ka ritsa ta a lungu. In ta ciji mutum ko ta yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibiti a ranar, saboda ciwon haukan kare ba a kare kaɗai yake ba.

Yaushe ake cirewa

Ka ba aikin mako biyu zuwa uku kana dubawa kowace safiya. In ka ga sabon tono, ka nemi gurbin da ka bari, ka kwashe, ka toshe. Yawanci a gefe ne ko a kusurwa. Ƙaya da kara ana iya ɗage su in ganye ya haɗe ya rufe ƙasa, wanda a alayyahu yake ɗaukar mako uku zuwa huɗu. Ragar da aka shimfiɗa kwance kuwa a bar ta sai an gama girbi, in ka ja ta yanzu da shukar za ta taso. Karas da albasa ka ɗaga ragar tare da su ranar cira, ko ka zare ganyen ta idon a hankali.

Ranar da ka tuge fangali ka sake sassaƙa shi, ya koma sabo a wurinta. Ka kakkaɓe ragar, ka miƙar da inda ta lanƙwashe, ka mayar da ita kafin magariba, ko da ba ka shuka komai ba tukuna. In fangalin zai huta har wani lokaci, ka rufe shi da tsohon buhu ko tabarma ka danne da bulo.